Rariyar da Baba Yake Nema

A gidan Manaja rariya biyu ce. Ɗaya tana rataye a ƙusa a kicin, ta tankaɗen gari, mai bakin jar roba. Ɗayar kuwa kafa ce a gindin katangar baya, faɗinta kamar bulo biyu, ta nan ruwan tsakar gida yake fita ya faɗa babbar kwatar da ke bayan layi. Ta biyun ce aka toshe, saura mako uku damina ta sauka.

Baba, mahaifin Manaja, yana kallo aka toshe ta. Yana zaune a kujerar roba a ƙofar ɗakinsa na ƙuryar baya, hannun damansa a yashe a kan cinya kamar ba nasa ba. Magini ne, shi ya ɗora kowane bulo na gidan, kafin ciwon shanyewar ɓarin jiki ya karɓe masa ƙafa ɗaya da hannu ɗaya da rabin harshe. Ya ga masu aiki sun cusa bulo biyu a kafar, sun shafe da siminti, sun fara ɗora ɗakin janareta a kai. Ya buga sandarsa a ƙasa. Ya yi ta kokawa da bakinsa, yawu yana zuba, har kalmar ta fito.

"Rariya."

Masu aikin suka dakata, suka dubi Manaja. Shi kuwa waya ce a kunnensa, ya yi musu alama da hannu su ci gaba. Da ya gama wayar sai ya yi bayani, ba ga uban ba, ga masu aikin. Ya ce ɓeraye ne suke shigowa ta nan, sun cinye masa wayoyin mota. Ya ce an binne bututu a ƙarƙashin tayil wanda zai kai ruwa ƙofar gida, kuma wanda ya yi aikin mai takardar shaida ne, ba ginin ido da igiya ba.

A watan ne dai ya sa aka fasa dokin ƙofar gidan, wanda Baba ya ɗaga da gangan don ruwan titi ya wuce bai leƙo ba. Mota ba ta iya hawa shi. Aka shimfiɗe wurin sumul, aka cike tsakar gida, aka zuba tayil mai sheƙi. Ɗaki ɗaya ne aikin bai shiga ba, ɗakin Baba. Da can wurin ajiyar kayan aikinsa ne. An mai da shi can ne saboda ɗakinsa na gaba ya zama falon baƙi, kuma Manaja ya gaya wa duk wanda ya tambaya cewa baya ya fi shiru, ya fi kusa da banɗaki, mara lafiya ba ya son hayaniya. Da aka ɗaga tsakar gida, sai ɗakin ya koma ƙasa da ita da tsawon tafin hannu. Mai shiga sai ya sauka.

Ruwan farko bai yi ƙarfi ba. Ya sauka da hantsi, ya ɗauke kafin azahar. Amma da ya ɗauke, tsakar gidan ba ta tsane ba. Ruwan ya taru a ƙuryar baya, ya jingina da sabon ɗakin janareta, ya rasa hanya, sai ya lallaɓa ta ƙarƙashin ƙofar Baba. Takalmansa suka taso suna yawo a ƙasan gado.

Matar Manaja ta shigo da tsintsiya da tsumma tana tsaki. Atamfa da leshi take sayarwa a cikin gida, kuma ranar akwai mata uku da suka zo duba kaya, suna tsaye a baranda suna jiran ta. Baba ya nuna katanga da hannun hagu ya ce rariya. Ta yi kamar ba ta ji ba. Ya sake faɗa. A na uku sai ta ajiye tsintsiyar, ta wuce kicin, ta dawo da rariyar tankaɗe. Ta durƙusa har ƙasa a bakin ƙofa, yadda matan za su gani, ta miƙa masa da hannu biyu.

"Ga ta nan, Baba. Yau kai za ka tankaɗe mana garin?"

Matan suka tuntsire da dariya, ɗaya har da riƙe ciki. Wata ta ce tsufa ke nan, mutum ya koma yaro. Matar Manaja ta ce ai haka take fama, tun safe har yamma, rariya, rariya, ita dai Allah ya ba ta ladan. Ta ajiye masa ita a gefen filo ta fita.

Daga ranar abin ya zama wasan gidan. In Baba ya buɗe baki, sai a ce a kai masa kayan aikinsa. Kuma babu wanda bai san wace rariya yake nufi ba. Manaja tun yana ɗan shekara bakwai aikinsa ne duk hadari ya taso ya ɗauki sanda ya zaƙulo leda da ganye daga kafar nan, Baba yana tsaye a kansa. Matar Manaja shekara tara tana zubar da ruwan wanki a wurin. Sun sani sarai. Dariyar ta fi fasa siminti sauƙi, shi ke nan.

Ruwa na biyu ya kai idon sawu. Na uku ya wuce shi. Duk wanda aka yi, in ya janye, Baba yakan miƙa hannu daga gado da wata tsohuwar ƙusa ya ja layi a bango daidai inda laimar ta tsaya. Layi ɗaya a kan ɗaya. Ɗakin ya daina bushewa tsakanin ruwa da ruwa. Fenti ya kumbura ya fara ɓarewa, funfuna ta hau bangon baƙi ƙirin, bargonsa ya ɗauki wari irin na tsumman da aka manta a bokiti. Sauro ya samu gida. Tari ya kama shi, mai tasowa daga can ƙasan ƙirji, gyambon bayansa kuma da ya fara kamewa ya sake buɗewa. Manaja ya sayo maganin tari kwalba biyu da maganin sauro na feshi, ya jera su a taga inda mai shigowa zai gani.

Ana nan sai tsohon leburan Baba ya zo duba shi. Shekara ashirin yana kwaɓa masa siminti, yanzu ƙarfi ya ja baya, yana tura baro a kasuwa, kowa Mai Baro yake ce masa. Ya sauka cikin ɗakin, ƙafarsa ta taka danshi, ya tsuguna ya gaida ubangidansa. Idonsa ya faɗa kan layukan bango. Bai tambayi ko mene ne ba.

"Rariya," in ji Baba.

"Na gani, Oga. Tun daga ƙofa na gani."

Baba ya rufe ido. Tun saukar damina wannan ne karo na farko da ya faɗi kalmar aka amsa masa da abin da ya faɗa.

Mai Baro ya fito ya nemi bokiti, ya cika shi a famfo. Haka Baba yake yi a duk gidan da ya gina: ba ya cewa ya gama aiki sai ya sheƙa bokitin ruwa a tsakiyar tsakar gida, ya tsaya ya bi shi da ido ya ga inda zai nufa. Mai Baro ya sheƙa. Ruwan bai ko kalli bakin bututun Manaja ba. Ya miƙe kai tsaye kamar an aike shi, ya tsaya a ƙofar Baba.

Daidai nan Manaja ya fito daga falo yana gyara agogon hannu. Mai Baro ya nuna masa. Ya ce bututun nan sama yake kallo, kuma ko da ƙasa yake kallo bai fi kaurin hannun jariri ba, leda ɗaya ta ishe shi. Ya ce ruwan titi yanzu ba abin da zai tare shi tun da an cire dokin ƙofa, kuma manyan ruwan ba su ma zo ba tukuna. Ya ce a ba shi guduma kawai, bugu huɗu zai yi, ba ya son ko sisi.

Manaja yana yaro Kawu yake ce masa, a kafaɗarsa ya sha hawa zuwa wurin gini. Yanzu ya dube shi daga hula zuwa silifa.

"Malam, gidan nan naka ne?"

"Na ubanka ne. Ni na kwaɓa simintinsa."

"To ka kwaɓa, an sallame ka. In ka fasa nan ɗakin janareta ya tsage, kai za ka gyara? Da baro?"

Matarsa daga baranda ta ce dama irin waɗannan masu zuwa dubiya su suke ƙara rikita mara lafiya, ya kwana biyu lafiya lau, yanzu ga shi an tayar masa da hankali. Manaja ya raka Mai Baro har waje, ba don girmamawa ba, ya ja ƙofa ya rufe. Ya ce da matarsa in mutumin nan ya sake zuwa a ce Baba yana barci.

Bayan kwana biyu, da rana tsaka, gidan ya yi shiru. Manaja yana wurin aiki, matarsa tana falo da masu sayen kaya. Baba ya zamo daga gadon ƙarfensa a hankali, ya faɗi a gefensa mai lafiya. A bayan ƙofa akwai ragowar kayan aikinsa a buhu. Ya zaro guntun rodi, ya cije shi da haƙora, ya fara jan jiki da gwiwar hannu ɗaya. Hawa tafin hannun nan na bakin ƙofa ya ɗauke shi lokacin da mai lafiya zai je kasuwa ya dawo. Ya isa gindin katanga, ta gefen ɗakin janareta inda kusurwar bulon ta ɗan fito. Ya kwanta a kan tayil mai zafi ya fara sara.

Ƙarar ce ta fito da matar Manaja. Ta same shi fuska duk ƙura, leɓe ya fashe, ya ɓantare siminti bai fi cikin cokali ba. Ta ƙwace rodin. Ba ta iya ɗaga shi ba, kuma ba ta kira kowa ba, don kada matan falo su gani. Ta bar shi a nan cikin rana har ta sallame su, sannan ta kira mijinta a waya ta ce ya zo ya ga abin da ubansa yake yi musu.

Da yamma Manaja ya tsaya a kansa ya yi magana a tausashe, irin muryar da yake yi wa manyan baƙi. Ya ce Baba yana so ya kashe kansa ne a ce su suka yi sakaci. Ya ce in ya faɗo daga gadon nan ya karye, duniya shi za ta zaga. Saboda haka, don lafiyarsa, aka fitar da gadon ƙarfen, aka shimfiɗa katifar a ƙasa, yadda ba inda zai faɗo. Don lafiyarsa aka kwashe buhun kayan aikin da sandar da ƙusar. Don lafiyarsa kuma aka kira kafinta ya kafa sakata a ƙofar, ta waje. Abin da ya rage a ɗakin: katifa, filo, fo, kofin ruwa, da rariyar tankaɗe. Ita ba wanda ya ga hatsari a tare da ita.

Ruwan da ya biyo baya ya jiƙa katifar har ciki. Aka jingina ta a rana rabin yini, aka mai da ita da sauran danshinta.

A makon ne ƙanwar Manaja ta zo daga gidan mijinta da lemo da ayaba. Aka zare mata sakata. Ta zauna a bakin katifar, ta yi kuka, ta ɗauki hoto da shi ta tura wa dangi. Da ta tashi, bayan zanenta ya jiƙe. Ta sami yayanta a falo ta ce, a hankali, ɗakin nan akwai laima, Yaya, ko za a dawo da shi gaba zuwa ƙarshen damina?

Manaja ya ajiye abin canza tasha. Ya ce madalla da aka samu mai tausayi. Ya ce shi yake ciyarwa, shi yake sayen magani, matarsa take zubar da fo, amma tunda ita ta fi kowa son Baba, ga mota nan a waje, yanzu sai a kai mata shi.

Ƙanwar ta gyara mayafinta. Ta ce ya san gidansu a bene yake, kuma ya san halin mijinta.

"To," in ji Manaja, ya ɗauki abin canza tashar.

Da ta koma yi wa Baba sallama ya kama bakin mayafinta da hannun hagu, ya riƙe gam. Idonsa a cikin nata. Ya faɗi kalmar sau biyu, a fili, fiye da yadda ya taɓa faɗa. Ta juya ta dubi matar yayanta. Ita kuwa ta nuna mata rariyar da ke gefen filo, ta ba ta labarin ranar farko, har da kwaikwayon yadda ta durƙusa. Ƙanwar ta yi dariya da hawaye a fuska, ta ce Allah sarki Baba. Ita ma a gidan ta girma. Ta ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya daga mayafin, ta ce zai ga ta dawo wani makon. Aka mai da sakata.

Ranar Asabar hadari ya haɗu tun kafin azahar. Gari ya yi duhu kamar an kife masa tukunya, iska ta tsaya cak. Da ruwan ya ɓarke, mutum ba ya jin maganar wanda ke kusa da shi saboda ƙarar kwano. Cikin rabin sa'a kwatocin titi suka cika suka tumbatsa. Ruwan unguwannin da ke sama ya gangaro, ja, mai kauri, yana ɗauke da leda da robobi da katako da mushen kaji. Layin ya zama kogi. Ya zo ƙofar gidan Manaja ya tarar ba abin da zai tsallaka, ya shigo kamar an yi masa iso.

Manaja yana gida. Da ya ga ruwa ya taɓa tayar mota sai ya fita da gudu da gajeren wando, ya tada ta, ya ce zai kai ta tudun gidan mai ya dawo. Matarsa ta shiga kwashe kaya. Atamfofi ta fara ɗorawa a kan kabad, sannan leshi, sannan ta naɗe kafet ɗin falon baƙi ta jingina a kan kujera. Ta cire wayar talabijin. Ta ɗora buhun shinkafa a kan tebur.

A ƙuryar baya ruwan ba ya shiga ta ƙarƙashin ƙofa kawai. Ta gefe yake shiga, ta tsagar katako, ta ramin makulli. Baba ya ji katifar ta yi sanyi, sannan ta yi nauyi, sannan ruwan ya hau kanta. Ya tura bayansa jikin bango da ƙafar hagu, ya samu ya ɗaga kai da kafaɗa. Ya dubi layukansa. Na ƙasa ya nutse, na biyu ya nutse. Ya san tsawon kowane bulo a bangon nan ko da fenti ya rufe shi, ya san yawan ruwan da kwanon gidan yake zubarwa, ya san gangaren titin. Ba wanda ya kai shi sanin inda ruwan zai tsaya. Kuma ya san bayan bangon da yake jingine, taku biyu, bulo biyu ne kawai tsakanin ruwan nan da hanyarsa.

Kofin ya taso ya yi nisa. Abin da hannunsa ya iya kaiwa rariyar ce. Ya ɗauke ta ya fara buga bakinta a jikin ƙofa.

Matar Manaja ta ji. Tana tsaye a kan kujera tana tura akwatin sarƙoƙinta saman kabad. Ƙwas, ƙwas, ƙwas, a ƙarƙashin ƙarar ruwa. Ta leƙa ta taga, ta ga tsakar gida ta zama tafki, ruwan datti, wa ya san abin da ke ciki. Ta ɗaga murya.

"Ana zuwa, Baba!"

Ta tuna takalman Manaja na zuwa ofis suna ƙasan gado, ta shiga ɗaki. Da ta fito ba ta ƙara jin bugun ba, ta ce a ranta ya haƙura ya kwanta.

Mai Baro yana rumfar kasuwa ruwan ya same shi. Ya tsaya yana kallon yadda yake gangarowa, sannan ya ari guduma a wurin mai gyaran taya ya shiga ruwan. A wasu wuraren ya kai masa ƙugu. Sau biyu yana faɗuwa, ruwa ya tafi da silifansa da hularsa. Bai bi ta ƙofar gidan ba, ya san amsar da ke can. Ya zaga ta bayan layi, ya dafa katangar yana lalube da tafin hannu har ya ji inda sabon siminti ya bambanta da tsoho. Ya gyara tsayuwa a bakin kwatar.

Bugu huɗu ya yi. A na huɗun bulon ya faɗo, ruwan ya fito da ƙarfin da ya kusa tura shi cikin kwatar.

Kafin ya zago ƙofar gida ruwan sama ya fara sassautawa, tsakar gidan kuma tana janyewa a gaban ido, tana tsotsewa zuwa ƙuryar baya yadda aka gina ta ta yi. Suka haɗu da Manaja a bakin ƙofa, ya dawo a ƙafa, jiƙe sharkaf. Ya ga gudumar, ya ga ɗakin janareta ya tsage daga ƙasa.

"Wa ya ba ka izinin taɓa min katanga?"

Mai Baro bai tsaya ba. Ya wuce shi, ya wuce matar da ke baranda da takalma a hannu, ya zare sakatar.

Baba ya zame daga jikin bangon. Yana kwance a gefensa mara lafiya, wanda ba ya iya tashi daga kansa, fuskarsa a cikin katifa. Hannun hagunsa a miƙe wajen ƙofa, yatsunsa a cikin rariyar. Bakin robar ya fashe gida biyu. Mai Baro ya juya shi, ya danna ƙirjinsa, ya kira shi Oga har muryarsa ta dushe. Sannan ya zauna a cikin laka ya dubi bango. Sabuwar laimar ta wuce duk layukan. Ya miƙe ya tsaya kusa da ita. Ba ta kai masa gwiwa ba.

Mutane sun zo ta'aziyya da yawa, don Baba ya gina wa rabin unguwar gidaje, kuma a gidajen nan ruwa ya shiga ya fita bai kwana ba. Aka shimfiɗa musu kafet ɗin da aka tsirar, a falon baƙi, ɗakinsa na da. Manaja ya ce ambaliya ce, ba a taɓa ganin irinta ba, a wata unguwar har gidaje ta rushe. Ya ce kwana ne ya ƙare. Ya ce abin da ya fi damun sa, ya fita neman taimako ne, kafin ya dawo ta faru. Matarsa ta ce ita dai ta gode wa Allah, har ranar ƙarshe a durƙushe take miƙa masa duk abin da ya nema, ga ƙawayenta nan shaida. Ƙawayen suka ce ƙwarai, da idonsu suka gani. Ƙanwar ta yi ta nuna hoton da ta ɗauka. Ba wanda ya yi maganar sakata, an cire ta tun da yamman ranar, ramukan ƙusoshinta huɗu ne suka rage a jikin ƙofar. Mai Baro ya zauna a waje a kan bulo, ba takalmi, ba wanda ya ce ya shigo.

Kwana uku bayan nan aka sake yin hadari, Manaja ya tuna ruwa ya kusa taɓa kujerun falo. Ya kira magini. Aka matsar da janareta gefe, aka gyara bakin kafar da Mai Baro ya fasa, aka shafe ta tsaf, aka sa mata ragar ƙarfe saboda ɓeraye. Aikin bai cinye rabin yini ba. Da ruwan ya sauka ya bi hanyarsa ya fice, tsakar gida ta tsane kafin a gama shan shayi. Manaja ya nuna wa wani baƙo ta taga, ya ce aikin mahaifinsa ne wannan, Allah ya jiƙansa, mutum ne da ya san gini.

A kicin mata suna girkin masu zaman makoki. An wanke rariyar tankaɗen, an ɗaure bakin da ya fashe da waya, an mai da ita ƙusarta, don ragarta ba abin da ya same ta. Matar Manaja ta juye gari a roba, hannunta duk fari, ta ɗaga kai ta nuna wa ƙanwar mijinta bango da haɓa. Ta buɗe baki, ta rufe.

"Miƙo min abin tankaɗen nan," ta ce.

Ƙanwar ta sauko da ita, ta miƙa mata ba ta dube ta ba.